Na canza salansa, babur ya fara zafi: laifin salansar ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da babur Honda CBR600RR ƙirar 2008, beljiyam na saye shi, a nan Kano nake hawa. Watan jiya na cire salansar asali na sa ta kasuwa tun daga bakin inji har ƙarshe, aka fitar da indomin da ke ciki, wato abin da ke tace gubar hayaƙi. Ƙara kam ta yi daɗi. Amma yanzu da bazara ta shigo, in na shiga cunkoso gejin zafi sai ya kai digiri 108, wani lokaci har 112, fanka ba ta hutawa, cinyoyina da mazaunina kamar ana gasa su. In na saki totur kuma sai ya dinga harbi tas-tas. Wani makanike ya ce in cire tamostat in haɗa fanka kai tsaye. Wani ya ce salansar ce za ta kashe min inji. Wanne ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, kana son ka san ko sabuwar salansar ce ta jawo zafin, ko zafin zai ɓata injin, da kuma shawarar wa za ka bi cikin makanikan nan biyu. Kada ka bi ta farko ko kaɗan. Na biyun yana da ƙanshin gaskiya, sai dai haɗarin da yake ji wa tsoro ba a cikin cunkoso yake ba, yana wani wurin da kai ba ka ma ambata ba.

Abu na farko, zafi iri uku ka haɗa wuri ɗaya. Akwai wanda fatarka take ji. Akwai na ruwan lagireto, wanda geji ke nuna maka. Sannan akwai na cikin ɗakin ƙuna, wato kan fistin da bawul ɗin fitar hayaƙi, wanda babu wani geji a gabanka da ke faɗin sa. Salansa tana taɓa kowannensu ta hanya dabam, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Zafin cinya da mazauni

Wannan shi ne mafi sauƙi. CBR600RR irin naka salansarsa a ƙarƙashin kujera take, bututun ya bi ta gefen ƙafar dama ya hau sama. Ta asali tana da kauri, tana da faifan ƙarfe masu tare zafi a wuraren da take kusa da jikin mutum. Ta kasuwa siririya ce, bango ɗaya, shi ya sa ba ta da nauyi, kuma sau da yawa in an zo ɗaurawa faifan nan ba sa zama, sai yaron gareji ya ajiye su gefe a manta da su. Zafin da a da ake tare maka shi yanzu kai tsaye yake dukan fatarka. Wannan ba ya nufin inji ya ƙara zafi. Hasali ma cire indomi yakan rage zafin da ke taruwa a wurin da yake, domin shi kansa sai ya yi zafi na ɗaruruwan digiri yake aiki.

Ka nemo faifan a mayar, ko a yanka maka sababbi na alminiyom a bar ɗan sarari tsakaninsu da bututu, a manna takardar tare zafi a ƙasan kujera. Ka duba wayoyin lantarki, tiyon birkin baya da shokozoba, kada ya zama sabon bututun ya matso kusa da su. Naɗe bututu da ƙyallen hana zafi yana rage gashin ƙafa, amma yana riƙe danshi da damina, kuma siririn bututu yakan tsage a ƙarƙashinsa ba ka gani ba. Ni ban cika sa wa mutane shi ba.

Me ya sa geji ke hawa a cunkoso

Nan ne mutane suka fi ɗora wa salansa laifin da ba nata ba. Fetur ɗin da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya taya. Sauran zafi ne: wani ya fita ta hayaƙi, wani ya shiga ruwa da baƙin mai, sai lagireto ya miƙa wa iska. Shi kuwa lagireto aikinsa ya rataya a kan abu biyu, yawan iskar da ke ratsa shi da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar. A ce ruwanka yana 100, iskar waje tana 20, tazara 80 ke nan. Kawo babur ɗin nan Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, iska ta haura 40, tazarar ta dawo ƙasa da 60. In ka tsaya a bayan bas a kan kwalta da tsakar rana, abin da fankarka ke zuƙowa ya fi haka zafi. Lagireton bai lalace ba, amma fiye da kwata na ƙarfinsa ya tafi tun kafin ka taɓa komai.

Ƙari a kan haka, waɗannan babura don gudu aka ƙera su. Lagiretonsu ƙarami ne domin an san iska za ta riƙa bugunsa a gudun kilomita 100 a awa zuwa sama, ga robobin jiki sun rufe injin ruf. Fankar yawancin baburan Japan na wannan ajin sai ruwa ya kai tsakanin 100 da 105 take tashi, haka aka saita ta daga kamfani, kuma fitilar gargaɗi sai wajen 120 take kamawa. Saboda haka 105 a danjar Ƙofar Nassarawa da rana tsaka ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne, in fanka ta tashi geji yana sauka? In ya kai 105, fanka ta kama, ya dawo ƙasa da 100, lafiya lau. In kuwa fanka na juyawa amma lambar na ci gaba da rarrafe zuwa 112 kamar naka, kuma ba ta sauka sai ka samu titi ka buɗe wuta, to sanyayar injin ta yi rauni. Bai kai ga ɓarna ba tukuna, amma sararin da ya rage maka kaɗan ne.

A tsaye ko a tafiyar hawainiya, hayaƙin da inji ke fitarwa ba shi da yawa, ko ta wace salansa zai bi ba ya samun wani tarnaƙi. Don haka canjin salansa bai cika sauya ƙunar inji a wannan yanayin ba. Ka tuna kuma ka canza ta a ƙarshen sanyi, zafin gari ya biyo baya. Abubuwa biyu suka faɗo lokaci ɗaya.

Amma akwai wata hanya da salansar take sa hannu. Babur ɗinka yana da wani bawul a cikin bututun hayaƙi wanda ƙaramin moto ke buɗewa da rufewa da waya, danginsa ne Yamaha ke kira EXUP tun ƙarshen shekarun 1980. In ka sa cikakken saiti na kasuwa, wannan bawul ya tafi, kuma faffaɗan bututu yakan rage ja a ƙananan juyi. Sai ka ga mai babur, ba tare da ya lura ba, yana ƙara totur yana riƙe kulochi rabi-rabi don ya tashi daga tsaye. Ga kuma jarabar sabuwar ƙara, kowace tsayawa sai an ɗan murza a ji daɗi. Duk murzawar nan fetur ne ake ƙonawa ba tare da iska na ratsa lagireto ba.

Abin da nake gani a aiki, yawancin baburan beljiyam da ake kawo min da kukan obahitin bayan canza salansa, in na haska tocila ta bayan lagireto haske ba ya fitowa ta gaba. Ƙurar hunturu ta haɗu da ƙwari da laka ta zama kamar siminti a tsakanin haƙoran, wasu haƙoran kuma an kwantar da su da injin wanki mai ƙarfi. In na buɗe murfi, maimakon koren ruwa ko shuɗi sai in tarar da jan ruwa mai tsatsa, domin fiya wata ko ruwan burtsatse ake ƙarawa. Irin wannan ruwan yana barin farin ɓawo a cikin ƙananan hanyoyin lagireto, kamar wanda ke kama gindin butar shayi, kuma ɓawon nan yana hana zafi fita. Murfin ma robarsa ta bushe ta tsage.

Kada ka raina murfin nan. Shi ke riƙe matsin da ke cikin ruwa, yawanci wajen 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma matsin ne ke hana ruwa tafasa har sai ya wuce 120. In murfi ya mutu, ruwa zai fara tafasa a lungunan kan silinda tun geji bai nuna wani abin tsoro ba, tururi ya tura ruwa zuwa ƙaramin tanki ya zube, gobe ruwan ya ragu, zafin ya ƙaru. Abu ne mai arha da ke jawo asarar gaskit.

Maganar tamostat da fanka

Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto in inji na da sanyi, ta buɗe in ya ɗumama, tun ruwa bai kai kusa da 100 ba ta gama buɗewa. A 108 ɗin da kake kuka da shi ƙofar a buɗe take gaba ɗaya. To me cire ta zai ƙara maka? Abin da za ka samu shi ne da safiyar hunturu injin ba zai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwar babur, wato ƙaramar kwamfutar da ke lissafa fetur ɗin da za a ba inji, ta ɗauka har yanzu ana ɗumamawa ta ci gaba da zuba fetur da yawa, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke mai daga bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. In ana zargin ta maƙale, a ciro ta a jefa a ruwan zafi a gani ko tana buɗewa. In ba ta buɗewa a sa sabuwa.

Fanka kuwa kai da bakinka ka ce ba ta hutawa. Wadda take juyawa tuni, haɗa ta kai tsaye ba zai sa ta ƙara sauri ba. Sai dai ta riƙa aiki har lokacin da ba a buƙatarta, motonta ya mutu da wuri, batir ya sha wahala. Abin dubawa shi ne ko tana juyawa da cikakken ƙarfinta, ko fukafukinta ya karye, ko soket ɗinta ya yi tsatsa. Masu gyara lissafin ƙwaƙwalwa suna iya sa ta riƙa tashi da wuri, kamar a 95. Wannan yana da amfani a gari irin namu, amma jinkirta hawan zafin kawai yake yi, ba ya maye gurbin wanke lagireto.

Inda haɗarin yake

Yanzu ga inda makanike na biyu ya yi gaskiya. Inji yana ƙona iska da fetur a gauraye. In an samu iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 a nauyi, komai yana ƙonewa daidai, kuma a kusa da nan ne wutar ta fi zafi. In ana son ƙarfi, a cikakken totur, akan ƙara fetur ya dawo wajen 12.5 zuwa 13, kuma wannan rarar fetur ɗin tana sanyaya kan fistin da bawul. Saboda dokokin hayaƙi na Turai da Amurka, kamfanoni suna matse fetur a ƙarami da matsakaicin totur tun daga masana'anta. Wato babur ya zo maka ba shi da rara mai yawa.

Wanda ya canza bakin salansa kaɗai ya bar bututan gaba da indomi, da ƙyar lissafin ke motsawa, yawanci ba ya buƙatar komai. Kai kuwa ka canza duka. A wasu juyin injin yanzu yana zuƙar iska fiye da da, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana ba da fetur bisa tsohon jadawalin da aka rubuta mata domin tsohuwar salansa. Kada wani ya ce maka ai injekta ce, za ta gyara kanta. Sensar da ke shinshinar hayaƙi tana gyara lissafi ne a ƙaramin totur da tafiya mai daidaito kawai, kuma gyaran nata ɗan kaɗan ne. In ka buɗe wuta sosai, ƙwaƙwalwa ba ta sauraron ta. Ba ma kowane babur na waɗannan shekarun ke da ita ba, ya danganta da kasuwar da aka ƙera shi dominta. In kuma an haɗa da buɗaɗɗiyar iya kilina ta kasuwa, ƙarancin fetur ɗin ya ƙaru.

To ka ɗauki wannan injin ka hau titin Zariya da ƙarfe biyu na rana, ka riƙe shi a juyi dubu tara ko goma na tsawon lokaci. Geji zai nuna maka 85, hankalinka kwance, domin iska na dukan lagireto. A daidai lokacin ne bawul ɗin hayaƙi ke cin wuta. Iska mai zafi da ke shiga inji tana sa gaurayen ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama ratsa shi, abin da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Injin da ke matse gaurayen iska da fetur fiye da sau 12 kamar naka an yi shi ne domin fetur mai daraja, mu kuwa a yawancin gidajen mai famfo ɗaya ne babu zaɓi, balle a ce ka tsaya wajen 'yan bumburutu inda ba ka san abin da aka gauraya a galan ba. CBR600RR daga 2007 tana da sensa mai jin wannan bugun, in ta ji sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wuta don ta ceci fistin. Ceton yana da farashi: ƙarfi ya ragu, kuma ƙunar da ta makara tana fita da zafinta ta kan bawul zuwa bututu. Ƙarancin fetur, zafin gari da mai maras kyau, in suka haɗu su uku, su ke ƙona bawul ko su ci gefen fistin, kuma a hankali suke yi.

Abu ɗaya da ke ɗan taimakonmu, iska mai zafi ba ta da nauyi. Iskar da ke digiri 42 ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100. Ga mai tsohon babur na kafireto wannan yana sa fetur ya ɗan yi rinjaye da rana, sai da sanyin asuba ƙarancin ke bayyana. Naka mai injekta yana auna zafin iska ya rage fetur daidai da haka, don haka wannan sauƙin bai shafe ka ba.

Harbin tas-tas da kake ji in ka saki totur shi ne ya fi tsorata mutane, alhali shi ne mafi ƙarancin illa. Akwai wata hanya da ke shigar da sabuwar iska cikin bututun hayaƙi don ƙona ragowar fetur. Da can ma ana wannan ƙunar, salansar asali ce ke haɗiye ƙarar. Sai dai ka sa a duba bakin bututan inda suka haɗu da inji. Da yawa ana mayar da tsohon gaskit ɗin da ya riga ya mutse, iska na shiga ta nan, harbin ya ƙaru. In ka ga baƙin toka a gefen mahaɗar ko kana jin tsit-tsit da safe kafin inji ya yi zafi, yoyo ne. Launin bututu ma kada ya ruɗe ka, titaniyom yakan koma shuɗi, bakin ƙarfe maras tsatsa ya koma ruwan zinare, wannan al'adarsu ce. Abin damuwa shi ne bututu ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa uku, ko ka ga suna yin ja da dare alhali ba gudu kake ba.

Yadda zan bi da shi in a hannuna yake

Da ruwa zan fara, domin shi ne mai arha kuma shi ne ya fi kama da ciwon da ka kwatanta. A bari inji ya huce sarai kafin a taɓa murfi, ruwan da ke ƙarƙashin matsi in ya yi tsalle yana sale fuska. A wanke haƙoran lagireto daga baya zuwa gaba da ruwan da ba ya fesowa da ƙarfi, a miƙe waɗanda suka kwanta da siririn sukundireba. A zubar da tsohon ruwa, a ɗauraye har sai mai tsabta ya fito. A zuba kulan, wato ruwan nan mai launi na lagireto, mai kyau wanda aka yi domin injin alminiyom, in mai kauri ne a gauraya shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, a tabbata ba asid aka miƙo maka ba. Kada ka zuba kulan zalla kana zaton ya fi, ruwa ya fi shi ɗaukar zafi, shi aikinsa hana tsatsa da ɗaga matakin tafasa. A fitar da iskar da ta maƙale a ciki, a sa sabon murfi mai lamba irin ta asali. In kana ganin kumfa na tasowa a ƙaramin tanki inji na aiki, ko ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko baƙin mai ya koma kalar madara, ka ajiye babur, maganar ta koma ta gaskit ɗin kan silinda.

Baƙin mai ma yana kwashe zafi sosai, musamman daga ƙasan fistin. Ka sa na babur mai alamar JASO MA ko MA2, kaurin da littafin babur ya yarda da shi a gari mai zafi, kuma ka riƙa juyewa kafin wa'adin da aka rubuta, domin cunkoso da ƙura suna gajiyar da shi da wuri. Man mota yana iya sa kulochinka santsi.

Bayan nan sai fetur. Gyara na gaskiya shi ne a auna gaurayen da sensa mai faɗin awo, a kan dayino, wato na'urar gwada ƙarfin babur yana tsaye wuri ɗaya, in an samu, sannan a gyara jadawalin, ko dai a sake rubuta ƙwaƙwalwar ko a ƙara mata akwati irin Power Commander na kamfanin Dynojet. Jadawalin da ake saukewa daga intanet ya fi babu in an yi shi domin irin babur ɗinka da irin salansarka, amma an auna shi ne da wani fetur a wani yanayi. In kuma salansar jabu ce da aka manna wa sunan Akrapovič ko Yoshimura, tsawo da faɗin bututanta ba lallai su yi daidai da na gaskiya ba, jadawalin ba zai zauna ba. Duba fulogi yana ba da haske in ya yi fari fat ko yana da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa barkono, sai dai fulogin injekta ko lafiya lau yakan yi haske, don haka ban dogara da shi kaɗai ba.

Ban ga babur ɗinka ba, kuma daga saƙo ba zan iya ce maka ga yawan ƙarancin fetur ɗin da yake fama da shi ba, awo ne kaɗai zai faɗa. Kafin ka samu mai aunawa, ka mayar da toshiyar bakin salansar in ta zo da ita, tana dawo da lissafin kusa da na asali, maƙwabta da masu jinya ma su samu barci. Ka bar iya kilinar asali, ka sha mai a gidan da ka amince da shi, ka guji riƙe babur a babban juyi da tsakar rana. In cunkoso ya tsaya cak geji ya doshi 115, ka fita gefe ka kashe. In kuwa ka nemi mai awo a Kano, Kaduna ko Abuja ba ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi ba, ka mayar da bututan gaba na asali, ka bar bakin salansar kasuwa kaɗai a baya. Za ka samu mafi yawan ƙarar da kake so, ja a ƙananan juyi ya dawo, kuma ba sai an taɓa ƙwaƙwalwa ba.